Ruwan Zafin Sua

A kan hanyar dutse da ke saman garin Sa Pa mai tsananin sanyi, Sua mai gasa masara ta ɗauko tukunyar ruwan zafi za ta sheƙa wa ƙanƙarar da ta kwana a kan kwalta. Wani tsoho mai jiran mota ya tare ta.

"'Yata, wanka za ki yi wa titin?"

"Kai Baba, ko masara ba ka saya ba! Santsi nake kashewa, kada masu babur su faɗi. Ma'aikatan hanya sun ce motocin da ke tsayawa wurina ne ke tsaga kwaltar. In ta ƙara tsagewa, tashina za su yi."

"Motoci? Kin taɓa manta kwalba cike da ruwa a waje lokacin sanyi?"

"Bara ma wata ta fashe mini."

"To, titin nan ma kwalba ce. Ruwanki ya shiga tsagar, ya daskare, ya kumbura, ya buɗa ta. Rana ta narkar da shi, ya ƙara nutsawa. Ni har ƙararsa nake ji, kamar ana taunar gyaɗa."

"Wato ni ce?" Ta dire tukunyar. "To masu babur fa? Har da ƙanena a cikinsu."

"Tokar murhunki, me kike yi da ita?"

"Zubarwa."

"Zubar da ita nan."

Ta watsa. Wani babur ya biyo ta kan tokar, ya tsaya cak bai zame ba.

"Baba, zauna. Ruwan nan ya zama na shayi."