Taken Ɗan Sarkin Noma a Bakin Kogin Safele

Tunkiyar Inna ce ta kai ni Kudu. Inna ta ja ta da hannunta har kasuwar Ƙanƙara ta sayar, ta dawo ta ƙulle mini kuɗin a bakin tsumma, ta ce, "Sale, in ka tashi dawowa, ban ce ka zo da mota ba. Ka dai zo da mutuncinka." Ku matso, yaran kiɗana, ku bar danne-dannen wayar nan, ba kullum nake ba da labarin nan ba.

Ku da kuka taso yanzu ba ku san Mabai ta da ba. Gidanmu makaɗan noma ne. In aka kira gayya, Baba ke gaba da gangar noma, ni ina bayansa da kalangu, kuma kowane manomin kirki yana da takensa, kiɗan da in an buga shi ko daga bayan gari ne an san da wa ake. Dokar Baba ɗaya ce: mai take ba ya shigowa wuri kana riƙe da makaɗi ka bar shi ya zauna ba ka gaishe shi da takensa ba. To da daji ya lalace, gonakin nesa suka gagara, gayya ta ja baya, hannuna ya rasa aiki. Na cusa kalangun a buhu, na hau motar shanu.

Garin da na faɗa, su suna cewa Sapele, mu muka gyara musu shi ya koma Safele. Ƙaramin gari ne a bakin kogi, katako da ruwan sama kawai. Ruwan nan ba ya ɗaukewa, sai dai ya je ya huta ya dawo. Na fara da turin baro a kasuwar katako, na kama ɗaki wurin wata tsohuwa da kowa ke kira Mama. Danshi ya sa fatar kalanguna ta saki, in na buga sai ka ce ana dukan jiƙaƙƙen zane. Na rataye shi saman murhunta don ya sha zafi. Ai kuwa ta fito.

"Aboki! Tsafi ka rataya mini a kan miya?"

"Mama, sunana Sale. Kuma wanga ya fi miyarki daraja."

"Ka sauke, ko ka kwashe kayanka!"

"Miyar da ke jan zare kamar an dafa igiya, me tsafi zai ci a ciki?"

Da Turancin buroka muka yi ta, rabi da baki rabi da hannu. Ita ta ci, don ɗakinta ne. Na koma gasa kalanguna a tukubar wani mai tsire ɗan Sabuwa, kuma a nan Oga Feliks ya ji ni ina gwada fata.

Sai na gaya muku yadda kiɗa yake a garin nan. Su ba makaɗi da 'yan amshi ba ne, ƙungiya ce, wai ita ban. Mai jita, mai babbar jita mai gurnani, mai fiyano, mai busa, da wani da ke zama cikin tarin ganguna da faifan ƙarfe kamar mai sayar da kwanuka. Garin bai kai ya kawo ba, amma ban uku ke cin abinci a cikinsa, kuma duk sun san juna, suna satar wa juna ma'aikata. Asabar biki, ko mutuwa, don su in tsoho ya mutu makaɗa ake ɗaukowa a yi ta rawa, ban taɓa sabawa da wannan ba. Lahadi da safe rabinsu suna coci suna bugawa, da la'asar kuma su koma wuraren shaƙatawa da kayan nan dai. Oga Feliks shi ne shugaban ɗaya daga ciki, siriri, mai jita, mai hular kaboyi. Ya ce yana son ganga mai magana, abokan gabansa ba su da ita.

Aka ba ni kujera, da riga mai ƙyalli irin ta kowa, da abin magana a gindin kalangu. Ranar nan na yar da baro.

Sai ga wani abu wai rihasal. Ku ji fa: a taru, a kunna janareto, a yi kiɗa tun daga farko har ƙarshe, ba ango, ba amarya, ba mai rawa, sai kujeru. Na ce, "Oga, wa muke yi wa?" Ya ce, "Kanmu." Sannan sawuncek, inda ƙato da gemunsa zai tsaya yana cewa wan-tu, wan-tu, kamar ɗan firamare da ya manta uku. Amma in faɗi gaskiya, mutanen nan sun iya aiki. Oga zai ƙirga huɗu a shiga tare, in ya ɗaga wuyan jita a tsaya tare, tsit. Dokarsa ita ma ɗaya ce: ba mai barin waƙa sai waƙa ta ƙare.

Kun ga inda rigima take ko? Dokar Baba da dokar Oga ba sa zama kujera ɗaya.

Karo na farko, wani mahauci ɗan Faskari ya gitta ta gaban rumfa muna tsakiyar waƙa, hannuna ya zame na buga masa taken mahauta. Mai busa ya ɓata, mai fiyano ya bi shi. Da muka sauka Oga ya tare ni.

"Mene ne wancan?"

"Gaisuwa."

"Ka gaishe shi da baki!"

"Bakin ke nan, Oga. Ba don shi ka ɗauke ni ba?"

"Sale, ka sake bar mini waƙa, ka bar kujerar."

Na haƙura, wanda ba halina ba ne, don kujerar nan ita ce abincina, kuma ita za ta mayar wa Inna tunkiyarta.

To akwai wata Madam mai wurin shaƙatawa a bakin kogi, suna kiransa gadin, wai lambu, ko tattasai ɗaya babu. Duk ban da ta samu Lahadin wurin nan ta huta da neman aiki. Ta ce za ta gwada mu ranar da ƙungiyar mahautan garin ke walima a wurin, da rana tsaka. Muka yi rihasal har kujerun suka haddace.

Muna cikin waƙa ta biyu, wadda Oga ya fi ji da ita, sai na hango baƙi daga kara, wato kasuwar shanu, dillalai da aka gayyato. A cikinsu akwai dogon tsoho da babbar riga shuɗiya, ya ranƙwafa kaɗan. Ba wanda ya tashi masa. Aka nuna masa kujerar roba can baya kusa da janareto. Alhaji Mamman Dogo ne na Ruwan Godiya, ɗan Sarkin Noma, mutumin da ina yaro na ga ya fitar da kuyya ya bar samari a tsakiyar gona. Shi ma daji ne ya raba shi da gonarsa. Baba ya buga masa take har fata ta fashe. Ga shi zai zauna kusa da hayaƙin janareto kamar wanda ya zo cin arziki.

Na kalli Oga, Oga ya kalle ni, don ya ga kafaɗata ta motsa. Ya girgiza kai. Alhaji ya kama bayan kujera zai zauna.

Na matse tsarkiya na sake ta. Kalangu ya ce, Dogo ɗan Sarkin Noma, rana ta faɗi kana duƙe.

Tsohon nan ya tsaya cak. Ya waiga. Na ƙara, da ƙarfi, ta cikin lasifika, har ƙetaren kogi. Wallahi sai ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya duƙa, ya kama noma a kan siminti ba garma a hannunsa, yana tafe yana kaftu har gaban rumfa. 'Yan kara suka zubo bayansa a jere kamar gayya. Waƙar Oga ta watse, amma mai babbar jita ya lalubo ni ya bi, mai ganguna ya bi shi. Matan mahautan garin suka ga rawar ta yi musu, su ma suka duƙa. Madam da kanta ta tuɓe takalmi.

Alhaji ya ɗago yana haki, idonsa jawur, ya ce, "Kai ɗan wa?"

"Ɗan makaɗin Mabai, Baba."

"Shina da rai?"

"Shina nan."

"Ka ce mashi na yi noma yau."

Madam ta ba mu Lahadi. Oga Feliks kuma ya karɓe rigarsa mai ƙyalli daga jikina tun kafin a naɗe wayoyi.

"Oga, ba ni na ciyo maka wurin ba?"

"Kai ne. Gobe wani dogon ya shigo fa?"

"In buga mashi."

"Shi ya sa."

Na zage shi da Hausa, ya zage ni da yarensu, muka yi musabaha. Ban roƙe shi ba. Da ni ne shugaba, da na kori kaina, shi ya sa yanzu nake tsare ku da rihasal kafin kowane biki kuna gunaguni.

Na dawo a bayan motar shanu da ta sauke kaya, da kalanguna a buhu da 'yar tunkiya da na tsaya na saya wa Inna, ba ta kai waccan ƙiba ba. Na isar wa Baba saƙon Alhaji. Ya sa aka sauko masa da gangar noma ya shafa fatar.

Mai tsiren nan ɗan Sabuwa ya turo mini hoton bidiyo kwanaki. Oga ya zuba taken cikin fiyano, da shi suke rufe kowace Lahadi, ba wanda ya san na waye. Ku karɓa ku gani. Gari guda a duƙe a bakin kogi, da takalma masu tsini, suna yi wa Alhaji Mamman Dogo gayya.