Ƙafata Ta Amsa

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu. Ku yi haƙuri da muryata, ban saba tsayawa gaban jama'a ba.

Da muka shiga ɗakin gwaji a asibitin Kano, ni da Mama da Baba, abin da na fara gani shi ne siraran wayoyi rataye a jikin na'ura, an ɗaure ɗaya da filasta. 

Kun san yadda nake a lokacin. Bayan cirar gyaɗa a gonarmu ta Roni, ƙafata ta hagu ta daina ɗagawa. Silifas yana zamewa ban sani ba. Na daina zuwa makaranta, don ba na iya tafiyar. Kaka ta ce na taka wani abu ne, a kai ni wurin wanzami. Wasu suka ce shan inna ce. Ni kuwa na daina addu'a, gaskiya nake faɗa muku. Fushi nake da Allah.

A ɗakin gwajin nan, likita ta ce, "'Yata, wannan allurar ba ta magani ba ce. Za mu saurari naman ƙafarki ne, mu ji ko jijiya tana kai masa saƙo."

Ta soka allurar a ƙaurina. "Ɗaga yatsun ƙafarki."

Na gwada, na'urar ba ta yi ƙara ba. Mama ta matse hannuna har zobenta ya shiga fatata. Na rufe ido na ce, "Yesu, ni ce Rahila. Na dawo."

Likita ta ce, "Sake gwadawa."

Sai na'urar ta yi ƙas, ƙas, kamar gyaɗa ta fara soyuwa cikin yashi!

Likita ta yi dariya. "Jijiyar tana da rai, dannewa aka yi a gefen gwiwa. Kin daɗe a tsugune?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Tun safe har yamma, ranki ya daɗe. Ta fi yayyenta sauri, shi ya sa."

Na yi watanni ina motsa jiki yadda aka koya mini. Yau da ƙafata na zo sujada, na kuma koma aji. Haleluya! Godiya ga Ubangiji. Wanda ya daina addu'a kamar ni, ya dawo, Ubangiji yana ji.

Baba ya ce na bar gona ke nan. Jiya na same shi yana wasa fartanya, na durƙusa na ce, "Baba, kada ka hana ni zuwa. Ka sassaƙa mini 'yar kujera kawai, in daina tsugunno."