Ranar da Inna ta yi wa zaman banza guɗa

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku, 'yan'uwa! Haleluya! Fasto ya ce in taƙaita, amma ku yi mini haƙuri, yau bakina ya cika.

Sunana Nomau, daga wani ƙauye kusa da Garhanga. An haife ni ana tsakar noma, shi ya sa aka sa mini wannan suna, ga shi kuwa ban tashi da ƙin komai ba kamar noma. Da na samu hanya na gudu Yamai, Allah ya taimake ni na samu aiki a filin jirgi. Shekara goma sha ɗaya ina loda kaya a cikin jirage. Ni ne nake durƙusawa a cikin tumbin jirgi ina jera akwatunan mutane, masu nauyi nan, marasa nauyi can, don kada jirgi ya karkata. Ku ji gaskiya tun yanzu: ban taɓa tashi sama ba ko sau ɗaya. Amma a ƙauyenmu ni ne Nomau na jirgi, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Sai korona ta zo. Wayyo, 'yan'uwa, wanda bai ga filin jirgi a lokacin nan ba ba zai gane ba! Wurin da ƙara ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai ya yi tsit, har kukan kurciya muke ji. An rufe bakin injuna da leda. Mukan zo da safe da takunkumi a fuska, mu zauna a kan amalanken kaya, mu kalli juna, mu koma gida. Wata rana shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, ya tara mu ya miƙa wa kowa takarda. Ya ce sunan abin "shomaji teknik". Ma'anarsa a Hausa: tafi gida ka zauna, ba aiki, sai in mun kira ka.

Na kwashi matata Rahila da yaranmu muka koma ƙauye wurin mahaifiyata. Babana ya daɗe da rasuwa, Inna ce kaɗai a gidan. Bayan mun sha ruwa ta dube ni ta ce, "Lahiya dai, Nomau? Ba lokacin konjenka na ba, hutun shekara bai yi ba."

Kunya ta hana ni faɗa da Hausa. Sai na murguɗa baki na ce, "An sa mu shomaji teknik ne, Inna."

"Mi kac ce? Teknik?"

To, Inna ta san teknik. Su ne mutanen da suke zuwa da farar mota su auna gonaki, suna riƙe da takarda, maigari yana bin su a baya. Kafin in sake buɗe baki ta miƙe ta rangaɗa guɗa! Mata suka leƙo ta kan darni. Tana cewa, "Ɗana ya zama teknik! An ɗaukaka shi, har an ce shi zo gida shi huta!"

Rahila ta dube ni, na kau da kai. Da kalma ɗaya zan iya gyara abin nan a wurin, amma guɗar ta yi mini daɗi. Na yi shiru, kuma daga wannan shirun ƙaryata ta fara.

Ku zo ku ga teknik! Kowace safiya in saka jilena, 'yar rigar nan mai ruwan ɗorawa da muke sawa don direban jirgi ya hango mu, in rataya katin aikina a wuya, in tafi gindin itacen bedi wurin masu shayi. In kara tarho a kunne ina "wi, wi, dakor" da Faransanci, alhali ba kowa a layi. Kawu Alasan, ƙanen Inna, musulmi ne mai son zuwa Makka, kullum sai ya tambaye ni, "Teknik, yaushe za ku buɗe muna sama?" Ni kuwa in gyara zama in ce muna kan nazari. Ni da ko tagar jirgi ban taɓa zama kusa da ita ba!

Ga abin da ke ƙasa kuwa. Gonar babana fako ce, ƙasa mai tauri da tsakuwa. Ba ta ba da gero sai an haƙa mata tassa, wato ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki su tare ruwan sama, kuma dole a gama su kafin ruwan farko. Da ina aiko da abin da za a sa a haƙa. Bana ba abin aikowa, rumbu ya kusa ƙasa, ga bakuna sun ƙaru. In ruwa ya sauka ba tassa, shekarar ta wuce mu ke nan.

Sau ɗaya na ɗauki diga, don Rahila ta dame ni. Inna ta fizge ta daga hannuna. "Aje! Hannun teknik ba shi kama diga. So kake a yi muna dariya?" Na ajiye kuwa, har da jin sauƙi a raina. Allah ya gafarta mini! Tsohuwa da matata suke fita da sassafe su yi ta saran fako, ni ina gindin bedi ina buɗe sama.

Rahila ta gaya mini a fili, "Ni ba ni tona maka asiri, amma ka sani Yesun da kake wa waƙa ran Lahadi yana ganin hannun uwarka." Na yi fushi na ce ba ta san girman miji ba.

Wata biyu muna haka. Sai ran nan tarhona ya yi ƙara da gaske. Shef ne. Ya ce kamfani ba zai iya riƙe mu ba, jirage ba su dawo ba, an soke wurarenmu gaba ɗaya. Ina tsaye da jile a jikina, na ɗaga kai, sai ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ƙafata ta kai ni gona ba tare da na shirya ba.

Na tarar da Inna zaune a bakin wani rami, ko rabin gonar ba su kai ba. Da ta gan ni ta yi maza ta ɓoye hannuwanta cikin zane. Na durƙusa na jawo su. 'Yan'uwa, tafin hannun nan duk ya fashe, ta ɗaure da tsumma, jini ya ɓullo ta cikin tsumman. Kuma abin da ta ce mini shi ne, "Tashi, kar ka ɓata rigar aiki."

Ban iya tsayawa ba. Na ruga bayan wata ƙaya na faɗi a kan tsakuwa da rana tsaka, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Na ce, "Ya Yesu, ni maƙaryaci ne! Aiki ya tafi, wannan ba laifina ba ne, amma jinin nan nawa ne. Ban roƙe ka jirgi ba, ban roƙe ka Yamai ba. Ka buɗe mini bakina kawai!" Ban ji murya daga sama ba, ba zan ƙara muku wata ƙaryar ba. Amma tsoron da ya shaƙe ni wata biyu ya sake ni a wurin, na tashi jikina sakayau. Haleluya!

Na koma na tuɓe jilen na ajiye a gabanta. Na ce, "Inna, ba a ɗaukaka ni ba. Shomaji teknik zaman banza ne. Yau ma an kore ni gaba ɗaya. Kuma can ɗin ma kaya nake lodawa."

Ta dubi jilen, ta dube ni. Can ta ce, "Zaman banza na?" Na ce e. Ta ce, "Nomau, wata biyu ina ma zaman banza guɗa? Mi yah hana ka hwaɗi da Hausa?" Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta dangwarar mini da diga a gabana. "Ungo. Ko ka manta sunanka?"

Na gindin bedi ne ya fi wuya. Da la'asar na je ba jile, na tsaya gaban mutanen da na sha shayinsu, na faɗi komai. An yi dariya, kuma na cancanta. Wani har ya kara takalminsa a kunne yana "wi, wi, dakor". Amma Kawu Alasan ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa. Yaro ya hwaɗi gaskiya. Gobe gayya gonar ƙanwata... a'a, yayata, kar ta ji ta kashe ni. Kowa shi hito da digatai."

Suka fito kuwa! Maƙwabtanmu musulmi, da 'yan'uwa kaɗan na ikilisiya, kwana uku muna sara muna zuba taki. Hannuna ya yi kanta, ya fashe, na ji daɗinsa. Mun gama ramin ƙarshe da hantsi, kafin la'asar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya! Na tsaya a cikinsa ina kallon kowane rami yana cika, ina ihu ina kiran sunan Yesu, Rahila tana ce mini in shigo kada a ce na zare.

Gero ya yi, 'yan'uwa, ya yi! Da ya fara ido tsuntsaye suka dame mu, sai Inna ta ɗauko jilen nan ta rataya a kan sanda a tsakiyar gona. Ta ce, "Yanzu ta samu aiki." Tana can har yau, rana ta cinye launinta.

Da jirage suka dawo an kira wasu abokan aikina, ni ba a kira ni ba, da yawa kuma har yanzu suna nema. Ku sa su a addu'a. Ni da rani ina lodin albasa a Madawa, kuma direbobi suna nemana, don motar da na jera wa buhu ba ta karkata. Can ma Teknik suke kirana, ina amsawa da ƙarfi.

Damin geron da kuka gani a bakin ƙofa daga gonar nan ya fito, na kawo shi godiya ga Ubangiji. Ɗan'uwa, in akwai maganar da kake ɓoyewa a bayan wata babbar kalma, kada ka jira sai ka ga jini a hannun wanda yake ƙaunarka. Ka dogara ga Yesu, ka faɗe ta yau, ka faɗe ta da Hausa. Ga Inna can a layin mata, ta yi mini alkawarin wannan karon ta san abin da za ta yi wa guɗa. Inna, bismilla! Yabo ya tabbata ga Yesu! Amin!