Ashe Bos Shi Ne Mai Shan Duka

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, kai da masu sauraro.

Ni magidanci ne daga Gagarawa. Tun da ƙanin maiɗakina ya tura mata finafinan Chanis masu fassara a waya na rasa gane kanta. In na dawo daga kasuwar Maigatari a gajiye, sai in tarar tana tafi tana cewa, "Kai, wannan akta namiji ne! Shi kaɗai ya watsa gari guda!" Wallahi ba ta taɓa yabona haka ba, ko ranar da na kayar da bijimi ni kaɗai.

Da na yi ƙorafi sai ta ce, "Haba maigida, ai kai ne bos!" Na ji daɗi, na sayo mata tsire, har na ba abokai labari.

Jiya na zauna muka kalla tare. Malam, ashe bos shi ne ƙaton nan mai tumbi da aktan yake lakaɗa wa duka a ƙarshe!

Don Allah ku ba ni shawara: in karɓe wayar ne, ko in fara koyon kareti? Ina gaida abokaina na kasuwar shanu, ban da waɗanda suka sani suka yi shiru.