Injuna Sittin da Hancin Bakanike

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu ta 'yan kasuwa mazauna Guangzhou, Alhaji Umar Faruƙ; malaminmu da ya buɗe mana taro da addu'a; iyayenmu mata da suka bar ɗaurin kaya suka zo; 'yan'uwanmu na Nijar da na Gana; da sauran jama'a baki ɗaya, har da waɗanda suka shigo don sun ji an ce akwai shinkafa bayan taro, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da wannan yini na Juma'a.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu a garin da ko iyayenmu ba su taɓa jin sunansa ba. Ina godiya ga shugaba da ya ba bakanike damar tsayawa gaban alhazai. Ina kuma godiya ga mai wannan gidan abinci na Huanshi Lu, wanda ya haɗa mana teburansa bai ce mana "meyo" ba, kalmar nan ta "babu" da ita ce farkon abin da kowannenmu ya koya a ƙasar nan.

Ga waɗanda suka sauka kwanan nan, sunana Ilu. Shekara ashirin da biyu na yi a ƙarƙashin mota a Ƙofar Ruwa, cikin Kano, kafin ƙungiyar nan ta kawo ni. Aikina ɗaya ne: in duba injin, in ya yi in sa masa alli, sai a loda shi. Abin da ya tara mu kuwa kun sani. Hukumomin garin nan sun matsa wa motoci masu hayaƙi da shan mai, ana gwada su a hanya, wadda ta faɗi gwaji ba ta da zaman lafiya. Saboda haka wani kamfanin tasi ya sauke tsofaffin injuna sittin, ya yi mana tayinsu da araha. Yau za a ɗaga hannu a kan ko mu zuba su a kwantenarmu ta haɗin gwiwa. In sun isa Kano, garejinmu za a kai su, ƙanena Babayo ne zai ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Magana uku gare ni a kan wannan.

Ta farko, Alhaji Dogara bai faɗi ƙarya ba. Ya tsaya a nan ɗazu ya ce dokar hayaƙi dokar ƙoshi ce. Ya ce waɗanda suka gina arzikinsu cikin hayaƙi su ne yanzu suke koya wa talaka tsabtar iska. Ya ce direban da ke jigila daga Bata zuwa Kurna ba zai iya sayen sabon injin ba ko zai sayar da gidan gado. Wallahi na san direban nan, na san iyalinsa, na sha tura motarsa. Kuma su kansu mutanen garin nan ba bakinsu ɗaya ba. Direban tasin da ya kawo ni yau, tun daga Sanyuanli yake zagin masu gwajin, ban ji yarensa ba amma na ji zafinsa. Saboda haka, Alhaji, ban tashi don in ƙaryata ka ba, ina ni ina ƙaryata wanda ya taɓa ciyar da ni wata uku.

Ta biyu, maganar mai. Na buɗe goma daga cikin injunan nan. Ringinsu, zoben nan da yake tare baƙin mai a cikin injin, ya cinye, suna ƙona baƙin mai tare da fetur, inda lafiyayyen injin zai sha galan ɗaya su sai sun nemi ɗaya da rabi. A ina za mu kai su? A ƙasar da direba yake kwana biyu a layin gidan mai, ya fito da rabin tanki yana hamdala. Araha muke cewa za mu kai masa, alhali baƙo za mu sauke masa mai cin tuwon gida duka. Ni ban san ko gwamnatinmu za ta taɓa kafa dokar da za ta ce ga iyakar man da mota za ta sha ba. Wataƙila ta yi, wataƙila jikokinmu ne za su gani. Amma kafin doka ta zo, kwantenar tamu ce, allin kuma a hannuna yake.

Ta uku ita ce mai nauyi, ina roƙon ku yi haƙuri da ni.

Kun daɗe kuna yabona, kuna cewa Ilu da hanci yake gane injin. Gaskiya ne, haka aka koya mana. Na'urar gwajin da waɗannan mutane suke soka wa a salansa, mu hancinmu ne. Za a tayar da mota, ka durƙusa a bayanta, ka shaƙa. In mai ya yi yawa ka ji, in baƙin mai ne yake ƙonewa ka ji, ka tashi ka murɗa kafireto, ka koma ka sake shaƙa. Da baki muke zuƙo fetur ta tiyo. Da fetur muke wanke hannu kafin mu ci abinci. Muna alfahari da haka, wanda ya yi tari mu yi masa dariya mu ce bai nuna ba.

To, jama'a, hancin nan da kuke yabo ya shekara huɗu da mutuwa. Da kunne da ido nake yi muku aiki tun ranar da na sauka, na ɓoye muku don ina tsoron ku ce a nemo wani. Yau na faɗa, kowa ya ji.

Wasunku suna wurin ranar da Hajiya Ramatou, 'yar'uwarmu ta Nijar, ta biyo ta Kano ta kawo mini saƙon matata. A ofishin Osmanu, ɗan Gana mai aika kaya, aka kwance ƙullin. Daddawa ce, da yaji, da turaren wuta. Ma'aikaciyar ofishin, 'yar garin nan, ta toshe hanci ta ruga waje. Osmanu ya buga tebur ya ce, "Kai, Ilu, ka kawo mana Zangonmu na Gana har cikin ofis!" Alhaji Dogara ya ɗauki daddawar ya shinshina, sai ga hawaye, ya ce, "Wannan ai ɗakin gyatumata ne." Kowa ya je gida ya dawo a wannan rana ba tare da tikiti ba, ban da ni. Na cusa fuskata cikin ƙullin, na ja numfashi har ƙirjina ya yi zafi, ban ji komai ba. Na yi dariya tare da ku don kada ku gane. Matar da ta tsaya ta haɗa turaren nan da hannunta, ta aiko shi ya tsallako teku, na kira ta na ce mata ya yi ƙamshi ƙwarai.

Na je wurin likita a nan. Ta bakin tafinta ya tambaye ni sana'ata, da na faɗa masa sai ya kaɗa kai. Bai rantse mini cewa hayaƙi ne ba, ni ma ba zan rantse muku ba. Amma da na tambaye shi ko zai dawo, bai buƙaci tafinta ba, kalmar nan da muka fara koya ya faɗa mini.

Ina kewar gida, 'yan'uwana, kamar yadda kowannenku yake kewa. Bambancinmu shi ne, ku in kun koma za ku tarar da shi duka. Ni zan ga gidan, zan ji muryoyin, amma ƙosan safe da ake toyawa a bakin layinmu, da hular mahaifina da na ajiye tun rasuwarsa, da kan jaririn da aka haifa mini bayan tahowata, duk waɗannan sai dai a ba ni labari. Akwai Kanon da ba jirgin da zai kai ni.

Mai ba ni labarin kuwa Babayo ne, shi kaɗai na gaya wa. Duk ranar Lahadi da la'asar ɗin nan, safiya ke nan a can, nakan kira wayar kantin maƙwabcinmu a kira mini shi. Lahadin da ta wuce ya ce an yi ruwan farko. Na ce, "Babayo, yaya ƙamshin ƙasar?" Ya ce, "Yaya, bana kamar bai kai na bara ba. Ina jin ruwan ne bai yi ƙarfi ba." Na ce a ba matata wayar. Na tambaye ta. Ta ce, "Wane irin bai yi ƙarfi ba? Har cikin ɗaki ƙamshin ya biyo mu, yara suna ta son cin ƙasa."

Haka mutuwar nawa hancin ta fara. Ni ma ruwan na ɗora wa laifi.

Shekarar Babayo talatin da ɗaya. Injuna sittin, kowanne sai ya durƙusa a bayansa sau biyar ko shida kafin ya daidaita, kuma kowanne zai riƙa dawo masa duk wata, don irinsu ba sa barin gareji. Na aika masa ya daina shaƙar salansa, ya ce to da me zai gwada. Saboda haka roƙona biyu ne. A gwada su a nan, mu ɗauki waɗanda suka ci gwaji kawai, ko da ashirin ne, ko da ribar ta ragu. Mu kuma sa na'urar gwaji guda ɗaya a cikin kwantenar, a kai Ƙofar Ruwa. In kun ɗaga hannu kun ce sai duka sittin ɗin, ikonku ne, ba zan yi gaba da kowa ba, amma sai dai wani ya sa musu alli. Ni ba zan aika wa ɗan uwata abin da ya raba ni da gida ba.

Allah ya yi mana jagora a abin da za mu yanke. Allah ya sa albarka a fataucinmu, ya tsare kayanmu a kan teku, ya tsare iyalanmu da muka bari. Allah ya mayar da kowannenmu gida lafiya, ya tarar da nasa lafiya. Ƙanena kuma, Allah ya bar masa abin da ya rage.

Na gode.