Gishirin da Muke Wankewa

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, shekara ashirin da biyu ke nan, na ɗaga hannu a wannan zaure na nemi izinin yin magana a kan gishiri. Aka ce lokaci ya ƙure, a bari sai zama na gaba. Yau ne zama na gaban. Saboda haka bari in fara da gaisuwar da na tanada tun ranar, duk da cewa da yawa daga waɗanda na tanadar wa sun riga mu gidan gaskiya.

Mai girma shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ɗalibina a da, ɗan wanda ya ce lokaci ya ƙure, Allah Ya jiƙansa. Malamar asibiti da ta bar marasa lafiya ta zo. Malamai da dattawa. Iyaye mata masu rumfunan awo. Masu shaguna, masu dako, da ku da kuka leƙo ta taga don an ce tsohon nan zai yi faɗa, assalamu alaikum. Na gode wa shugaba da ya ba ni lasifika. Ba faɗa na zo yi ba, ƙarfin faɗan ya ƙare. Ƙuri'a na zo nema.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne tsohon malamin kimiyya na makarantar bayan tasha. Na yi karatu mai zurfi, har aka yi zaton zan zama wani abu. Abin da na zama shi ne Malam Ɗigo, sunan da kasuwar nan ta raɗa mini saboda wannan 'yar kwalbar da ke aljihuna.

Magana ta farko. Jikin ɗan Adam ba da ƙoshi kaɗai yake tsayuwa ba. Akwai ma'adinai da yake bukata, kaɗan-kaɗan, waɗanda ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Akwai na ƙarfe, wanda ake samu a hanta da wake da ganye, shi ke gina jini. In ya yi ƙaranci, mace ta hau matakala tana haki. Akwai kalsiyam na madara da ƙananan kifi, shi ke riƙe ƙashi da haƙori. Akwai zinki, mai taimaka wa yaro ya girma, rauni ya warke. Sannan akwai aidin. Abin da mutum yake bukata na aidin tun daga haihuwa har kabari bai cika cokalin shayi ba. Amma in babu shi, wuya ya kumbura ya zama maƙoƙo. In mai ciki ta rasa shi, ƙwaƙwalwar abin da ke cikinta ba ta ginuwa daidai, wani ma a haife shi kurma, ya tashi a tsumbure. Ƙasarmu ta noma ba ta da shi, don haka hatsinmu ba shi da shi. Shi ya sa ake zuba shi a gishiri tun daga masana'anta, don ya shiga tukunyar mai kuɗi da ta talaka.

Magana ta biyu, kuma ita ce ta kawo ni. Gishirin nan yana iso mana da aidin ɗinsa. Mu muke cire shi, da hannunmu. Kowa a nan ya san bayan rumfar awo. A farke buhu, a juye a rabin ganga, a kwarara ruwa, a cuɗa, a tsiyaye, a shanya a tamfol a rana har ya yi fari ƙal, sannan a tula a buɗaɗɗen baho. Don me? Don mai saye ya fi son fari. Aidin kuwa a jikin ƙwayar gishirin yake, ruwa na taɓa shi sai ya bi ruwa. Jama'a, duk garin nan babu mai samun aidin kamar kwatar bayan rumfar awo.

Na taɓa nuna wa shugabar masu gishiri ta wancan lokaci. Na ɗiga ruwan gwaji na kwalbar nan a gishirin sabon buhu, ya koma shuɗi, alamar akwai aidin. Na ɗiga a wankakke, ya tsaya fari. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai da kanka ka ga wanda ya fi tsabta. Naka har rini yake yi." Aka yi dariya. Wani mai dako ya ce, "Malam Ɗigo, zo ka ɗiga wa maigidana a ka, mu ga ko akwai wani abu a ciki." Ni ma na yi dariya, don maganar ta yi daɗi. Washegari aka ci gaba da wanki.

Ina da 'ya guda, wadda ta fi ni kai. Da ta yi aure, duk wata nakan aika mata da gishiri na leda, rufaffe. Rannan sai ga ƙullin ya dawo, da saƙon surukarta: "A gaya wa Malam, mun gode, amma gidan nan bai talauce ba har a riƙa aiko mana da gishiri." Na je da kaina. Mijin ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka san Inna." Ita kuma 'yata ta rako ni ƙofa, mayafi naɗe a wuya cikin zafin rana, ta ce, "Baba, ƙiba ce kawai." Na san ba ƙiba ba ce. A lokacin tana da ciki.

Magana ta uku ita ce bukatata, kuma ba ta da tsada. A yau za ku ɗaga hannu a kan doka guda: a daina wanke gishiri a kasuwar nan, a sayar da shi a rufe, a inuwa. Ban ce a kori kowa ba. Ban ce a ci tarar kowa ba. Iyayena masu gishiri, na san tsoronku: in ke kika daina, maƙwabciyarki ba ta daina ba, ciniki ya koma wurinta. Shi ya sa nake neman doka, don ku daina rana ɗaya, babu mai cutuwa. In kuma an sake cewa lokaci ya ƙure, to ku sani gobe da safe ina bakin rumfar awo da kujerata da kwalbata, jibi ma haka, har ranar da za a ɗauke ni. Ba ni da aiki, ba ni da kunyar da ta rage.

Allah Ya sa albarka a kasuwarku, Ya tsare masu ciki, Ya raya abin da suka haifa da cikakken hankali, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kafin ku ɗaga hannu, ku waiwaya layin baya. Wadda ke zaune kusa da ƙofa, mai riƙe da sandata, jikata ce. Ba ta wuce kafaɗar yarinya 'yar shekara goma ba, alhali sa'o'inta suna goyo. Likita ya ce da uwarta ta sami aidin, da ba haka ba. Duk abin da na faɗa a zauren nan, ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Na gode.