Hoto Biyu a Kati Ɗaya

A bencin shagon wankin hoto, wata mata ta leƙa katin da dattijon gefenta ya ƙura wa ido.

"Baba, sun ɓata maka aiki. Hoto biyu a kati ɗaya?"

"Haka tsohuwar kyamarata take, 'yata. Gurbin hoto ɗaya take rabawa biyu."

"Su wane ne?"

"'Ya'yana. Tun rasuwar mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, ba sa ga maciji da juna. Kowa a gidansa na ɗauke shi."

"Ikon Allah! Kamar tare suka tsaya."

"Zan sa a ƙara wanke ɗaya, kowa ya samu nasa."

"In suka sa almakashi fa?"

Dattijon ya shafa katin da yatsa.

"Tsakaninsu da Ubangijinsu. Ni dai a haɗe zan kai musu."